Hirar da Aka Saya wa Magajiya

Idan kana son jin yabon ɗa nagari, ka shiga Hayin Banki ka tambayi gidan Inuwa mai atamfa. Tun daga bakin titi za a soma ba ka labari. Wai shi ne uwarsa ta faɗi ciwo a Rigasa, daga asibiti bai bari an mayar da ita can ba, ya ɗauko ta a mota ya ba ta ɗaki mai fanka da labule, har da kwamfuta. Kwamfutar nan ita ce abin da mata ke juyawa a gidan suna da gidan biki. Wata ma cewa ta yi, ita da za ta sami ɗa irin wannan, ko ɓarin jikin ne a shanye mata. To, Allah ya raba mu da roƙon abin da ba mu san cikinsa ba. Duk masu yabon nan babu wadda ta taɓa leƙa ɗakin.

Uwar tasa, Magajiya, dillaliya ce. A kan ƙafa da baki ta yi rayuwarta, ta shiga gida da zani da kwanuka, ta fito da labari, ta kai shi gida na gaba da ɗan gishirinta. Tana tsakiyar cinikin tukunya ne a tsakar gidan wasu ciwon ya same ta. Hannun dama ya saki, ƙafa ta bi shi, baki ya karkace. Hankalinta kuwa ras. Maganar tana nan a kanta a jere kamar kwanukan amarya, sai dai in ta zo fitowa harshe ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa.

Ranar sallama likita ya kira Inuwa gefe. Ya ce ƙafa sai a hankali, amma baki yana iya dawowa in an taimaka masa. Kada a bar ta shiru. A riƙa yi mata hira kullum, ana jira ta amsa da kanta. Inuwa ya ji kada a bar ta shiru. Wajen a jira ta amsa, wayarsa ta yi ƙara.

Ga kuma wani abu. Inuwa ɗan fari ne, Magajiya kuwa irin matan da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai yaron nan, da ya girma ya koma mai gidan nan. A ɗakin kakarsa ya tashi. Matar da ke iya tsayar da mai babur a titi ta ja shi da hira har fasinjansa ya gaji ya sauka, in ɗanta ya shigo sai ta dubi bango. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Saboda haka da safen farko da ya durƙusa a bakin gadonta don ya yi mata hirar likita, ya gaishe ta, ya dubi rufin ɗaki, ya ce fankar tana aiki sosai, daga nan ya rasa ta cewa. Ita kuma tana can tana kokawa da lafiya lau. Kafin ta fito da ita ya riga ya tuna kasuwa.

Matarsa Hafsat malamar firamare ce a Kawo, da sassafe take fita. Yaran gidan daga boko sai Islamiyya, an kuma ja musu kunne kada su dami Inna. To wa zai yi hirar?

Sai dabara ta zo wa Inuwa. Yana da kwamfuta a gida, irin mai buɗewa kamar akwati, wadda ya saya don harkar shago ta ƙare a kallon ƙwallo. Ya sayi memori, ɗan abu bai kai farce ba, ya kai wa masu turi a Babbar Kasuwa suka cika masa shi da fina-finan Indiya na fassara. Ya zo ya ɗora kwamfutar a kan tebur gaban gadon, ya sa memorin a ɗan gidansa, ya tura shi a wata tsaga da ke gefe. Ya saita ta yadda in fim ya ƙare wani ya hau, in duk sun ƙare ta koma farko. Ko an ɗauke wuta akwai batir.

"Inna, ga masu hira na kawo miki," in ji shi. "Waɗannan ba sa gajiya."

Gaskiyarsa, ba sa gajiya. Da safe Hafsat ta gyara ta, ta ajiye mata kular abinci da ruwa da fo kusa da hannun hagu. Inuwa ya leƙo ya ce Inna ina kwana, yatsansa ya riga ya kai kan maɓalli. Sai ƙarar makulli daga waje, wai saboda tsaro. Daga nan sai Indiyawa. Motoci su kife, gardawa su daki juna, wata ta fito cikin ruwan sama tana waƙa ba mayafi.

Da farko Magajiya ta ɗauki abin da zuciya ɗaya. In wani a ciki ya yi sallama, sai ta shirya baki za ta amsa, don ba a yi mata tarbiyyar ƙyale sallama ba. Kafin ta ce wa'alai, an riga an mari mai sallamar, an jefa shi ta taga. In wata ta yi ƙarya a gaban surukarta, Magajiya ta gane tun kafin surukar ta gane, maganar ta taso mata har maƙogwaro, ta waiga ta ga ba kowa sai labule. Wa za ta gaya wa? Labarin da ba a kai wa wani ba, ai kamar tuwo ne ba miya.

Da yamma ma ba a tsira ba. In ta buɗe baki ta ce ru, Hafsat ta ce ruwa, ta miƙo kofi. In ta ce za, a ce zafi, a ƙara fanka. Wataƙila zani take nufi, wataƙila zaure, wataƙila cewa za ta yi za ta koma gida. Babu mai tsayawa ya ji ƙarshen. Kowa na sauri ya taimake ta.

Wata rana gardawan suka ishe ta. Ta jawo sandarta da hagu, ta kai wa akwatin duka. Sandar ta sauka a kan dogon maɓallin nan na ƙasa, sai kowa ya daskare, wani da ƙafa a sama, wani da baki a buɗe. Shiru. Ta ji kukan kurciya a bayan ɗaki, ta ji wata maƙwabciya tana faɗa da mai ruwa kan jarka. Ta kasa kunne ta sha faɗan nan tas, har ta san mai gaskiya. Ranar ta ci abincinta duka.

Ta yi kwanaki tana haka kafin Inuwa ya lura. Da ya ga kullum ya dawo ya tarar da fim a tsaye, ya ɗauka na'urar ce ta lalace, har ya kai ta wajen gyara aka ce lafiyarta ƙalau. Sai ya ga ƙurjewar sanda a kan maɓallin. Bai yi faɗa ba, Inuwa ba ya yi wa uwarsa faɗa. Tebur kawai ya ja baya zuwa jikin bango, inda sanda ba ta kaiwa. Ya gaya wa Hafsat, da murya yadda Inna za ta ji, cewa likita ya ce kada a bar ta shiru, shi kuma ba zai saɓa wa likita ba ko da Inna za ta ji haushinsa.

Magajiya tana da aminiya a Rigasa, Yalwa mai ƙuli-ƙuli, tsohuwa gajera mai ciwon gwiwa da bakin da ba ya ciwo. Ta haɗa motoci biyu ta zo wata Talata da hantsi, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta zagaya ta lungu ta sami tagar, ta ɗaga murya tana kiran Magajiya. Daga ciki wani gardi ya amsa mata da cewa yau sai ya sha jininta. Ta yi ɗage ta leƙa ta tsakanin ƙarafa, ta hango hannun ƙawarta yana motsi a kan gado, bakin yana motsi, ba ta jin komai sai harbin bindiga. Ta tsaya har gwiwa ta ƙi, ta tura ƙullin ƙuli-ƙuli ta tagar, ta koma.

Ta dawo ran Lahadi da kowa ke gida. Inuwa ya karɓe ta hannu biyu, Gwaggo sama Gwaggo ƙasa, har da lemo mai sanyi. Ya nuna mata kwamfutar, ya zaro memorin ya ɗora mata a tafin hannu, ya ce ta duba, ɗan wannan abin ya fi mutanen layinsu duka surutu. Yalwa ta juya shi ta ce irin na cikin wayarta ne. Sannan ta ce masa ya mayar da Magajiya ɗakinta na Rigasa, inda mace goma za ta leƙo kafin azahar, su za su yi jinyar. Ya ce ɗakin yana yoyo, ga sauro, ga kwata a bakin ƙofa. Ta ce to ya bar makulli wajen maƙwabta. Ya ce nan ba Rigasa ba ce, ba a san halin mutane ba. Ta ce ita ta riƙa zuwa ta wuni. Ya ce ina, da wannan gwiwar, shi ba zai ɗauki alhakinta ba. Daga ƙarshe ya faɗi na cikin ransa: in uwarsa ta koma hannun maƙwabta yana raye, da wane ido zai dubi mutanen kasuwa?

Yalwa ta shanye lemonta ta yi sallama ta tafi. Wanda ya san ta ya san ba haƙuri ta yi ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga saƙo ya iske Hafsat a makaranta, memori a ƙulle cikin leda, an naɗe da zare. Wai addu'o'in neman lafiya ne Gwaggo Yalwa ta sa aka ɗauka, a riƙa sa wa Magajiya. Da safe, da yake ranar Inuwa ya riga ta fita, Hafsat ta zare Indiyawa ta tura shi. Babu hoto, murya ce kawai, muryar Yalwa a ladabce kamar ba ita ba, tana roƙon Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan iyaye, ya shiryi zuriya. Hafsat ta ce amin, ta gyara mayafi, ta fita. Makulli ya yi ƙara. Addu'ar ta yi ta tafiya har Magajiya ta soma gyangyaɗi. Sai addu'ar ta tsaya. Aka yi gyaran murya.

"To, yanzu dai na san sun fita. Magajiya, ina kwana?"

Sai shiru. Magajiya ta buɗe ido tana jiran abin da zai biyo baya, mari ko harbi. Ba abin da ya biyo. Can cikin shirun tana jin zakaran gidan Yalwa, da ƙarar injin markaɗen layinsu.

"Ba inda za ni," in ji akwatin. "Man ƙulina ma bai yi zafi ba. Na ce ina kwana?"

Magajiya ta tattara harshenta. Ta ɗaga shi ya faɗi, ta sake ɗagawa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ba wanda ya miƙo kofi, ba wanda ya ƙara fanka.

"La... fiya."

Shirun ya ɗan ƙara tafiya, sannan Yalwa ta ce madalla. Ba ta ji ba, tana can Rigasa, amma ta san ƙawarta. Ina gajiya, ta jira. Yaya jiki, ta jira. Yaya mutanen gidan, ta jira. Gaisuwa sosai irin ta mutane, ba irin ta mai yatsa a kan maɓalli ba. Ashe wajen Ɗanladi mai cajin waya ta je ya nuna mata inda ake dannawa a ɗauki murya, ta zauna a bakin murhu ta yi abinta.

Da gaisuwa ta ƙare aka shiga abin da ya kawo ta. Wai Tanko mai nama, tun da matarsa ta rasu yake zarya wajen Sa'adatu mai tuwo ta bakin tasha, bazawarar nan mai wushirya. Da ya ga gemunsa ya yi fari fat, sai ya sami baƙin man goge takalmi ya shafe shi tas, ya sa farar babbar riga, ya tafi zance. Yana tsaye a gaban rumfarta yana tsara magana, hadari ya tsinke. Gemun ya soma zuba. Kafin ya ankara gaban rigar ya koma kamar gindin tukunya, ga masu cin tuwo sun ajiye loma suna kallo.

"Ke a ganinki me Sa'adatu ta ce masa?" in ji Yalwa, ta bar fili. Magajiya ta yi ta ƙoƙari, dariya na hana ta. "To ba zan gaya miki ba. Sai ranar da kika tambaye ni da bakinki."

Daga nan ta sauka kan Inuwa. Ta ce ɗan nan naki mai hula kamar an kifa kwano, kirki gare shi, Allah ya sani, amma kansa kamar na uban. Likita ya ce a yi miki hira, ya je ya ɗebo miki Indiyawa. Da cewa aka yi a ba ki ruwa, da hoton rijiya zai kawo miki.

Yau saitin nan na komawa farko ya yi rana. Addu'a ta dawo, gaisuwa ta dawo, Magajiya ta sake amsawa. Kullum sai harshen ya ɗan ƙara saki. Lafiya ta zama lafiya lau. Ba gajiya ta fito. Har ta soma cusa nata a wajen Tanko, tana cewa tsohon banza. Hafsat kuwa tun ranar farko ta gane, don ta riga mijinta dawowa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ji zancen rijiya, ta toshe baki da mayafi. Ba ta gaya wa Inuwa ba. Ta dai riƙa rufe kwamfutar kafin ya dawo, da safe kuma ya tarar ana addu'a. Wata yamma Magajiya ta ce mata sannu da aiki, kusan a cike. Hafsat ta gaya wa Inuwa. Ya ce, "Kin ga amfanin kwamfuta ko?"

Ana nan sai wani ɗan layin su Inuwa a kasuwa ya rasu, aka rufe shaguna don jana'iza. Daga maƙabarta Inuwa ya zarce gida da rana tsaka. Yana sa makulli ya ji magana a ɗakin Inna. Ya tsaya. Ya ji an ce yaya jiki, ya ji uwarsa ta ce da sauƙi, a fili kamar ta da. Ya ji ta ce tsohon banza, ya ji dariyarta, wadda tun da yake bai taɓa jin ta a kusa haka ba. Idonsa ya kawo ruwa. Da a nan ya juya, da labarin nan ya canza. Amma ya tsaya har aka zo kan hula da hoton rijiya, ya kuma ji uwarsa ta sake dariya, ta fi ta farko.

Dariyar ce ta ƙona shi. Ya shiga bai yi sallama ba, ya fizge memorin Yalwa tana tsakiyar magana. Magajiya ta dubi bango.

Da Hafsat ta dawo ya tsare ta a tsakar gida. Ya ce an shigo masa da gulma gida cikin rigar addu'a. Ya ce shi ba don an zage shi ba, wallahi ko a jikinsa, amma tsohuwa a wannan hali, ƙafa ɗaya a duniya ɗaya a lahira, a ce abin da za a cika mata kunne da shi cin naman Tanko ne? Wa zai amsa wannan gobe kiyama? Ya tambaye ta ko ta sani. Hafsat ta ce ita addu'a aka ce mata, addu'a kuma ta ji.

Kashegari ya tafi da memorin kasuwa, aka wanke shi tas, aka cika shi da wa'azi kan haɗarin harshe da kwanciyar kabari. Da ya zo turawa, Magajiya ta miƙo hannun hagu tana kaɗawa, bakinta na rawa, jijiyar wuyanta ta tashi. Ya ce kada ta damu, shi ya yafe wa Gwaggo. Ya danna.

Malamin malami ne na gaske, ba a ce ya faɗi ƙarya ba. Amma shi ma in ya yi tambaya da kansa yake amsawa. Ya ce ina waɗanda suka gabace mu, kafin Magajiya ta motsa leɓe ya ce suna ƙarƙashin ƙasa. Tun safe har la'asar ana gaya wa matar da ke neman harshenta cewa harshe ne ke kai mutum wuta. In ya ƙare ya koma farko.

Kalmar da sauƙi ce ta fara ɓacewa daga bakinta. Sai lau ta bi ta. Sannu da aikin nan ba a sake jin ta ba. In an gaishe ta sai ta ɗaga kai, daga baya ma ta bar ɗagawa. Kular abinci ta riƙa komawa da rabi. Hafsat ta ga komai, ta ƙara mata mai a miya. In an tambayi Inuwa jikin Inna a masallaci, sai ya ce alhamdu lillahi, ta sami natsuwa sosai, yanzu daga ita sai wa'azi. Ranar komawa asibiti kuma ta yi ta cin karo da ranar zuwan kaya.

Yalwa ta aiko da memori na biyu, aka mayar mata da shi a ledarsa, zaren ma ba a kwance ba. Sai ta ɗaure gwiwa da tsumma ta zo da kanta wata Lahadi. Wannan karon ba lemo. Ta wuce Inuwa a tsakar gida, ta shiga ɗakin, ta kai hannu ta rufe murfin kwamfutar kamar mai rufe tukunya. Malam ya yi shiru. Ta zauna a bakin gado, ta ga yadda zobe ke yawo a yatsan ƙawarta, ta haɗiye abin da ta haɗiye.

"Magajiya, ina kwana?"

Magajiya ta dube ta. Leɓen ya motsa, ba abin da ya fito.

Inuwa daga bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, ai ta daina magana. Wasu dama haka ciwon yake yi musu."

"Zauna," in ji Yalwa.

Ya zauna a bakin kujera da rabin jiki. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Ya dubi agogo, ya dubi rufin ɗaki, ya gyara hula, ya tuna zancen kwano ya sauke hannu. Wayarsa ta yi ƙara, direban kayansa ne daga Kano. Ya ce minti ɗaya, ya fita har ƙofar gida don can ne ake samun sabis.

Yalwa ba ta motsa ba. Ta riƙe hannun hagun tana murza shi. Aka jima. Aka ƙara jimawa. Sai wani sauti ya taso daga can ƙasa, kamar ana jan guga daga tsohuwar rijiya.

"Sa'a... datu?"

Yalwa ta share ido da bakin zani, ta ce ja'ira, ashe kina riƙe da shi. Ta ce Sa'adatu ruwa ta miƙa masa a buta, ta ce ya je ya wanke, in gemun ya dawo fari ya dawo, ita da tsoho za ta zauna ba da takalmi ba. An ma ɗaura aure Juma'ar da ta wuce. Rabin fuskar Magajiya ya yi dariya, rabin ya tsaya inda yake.

Da Inuwa ya dawo Yalwa ta ce masa uwarka ta yi magana. Ya matso da sauri ya durƙusa, ya ce Inna sake faɗa in ji. To ƙarfin ya riga ya ƙare, ga shi kuma ɗan fari ne ya tsura mata ido. Ta dubi bango. Ya ɗan jira, gwargwadon jiransa, sannan ya miƙe yana murmushi. Ya ce Gwaggo ke nan, wadda ta kawo gulma ta ce addu'a ce, yau kuma ta kawo magana. Ya kira Hafsat ya tambaye ta ko ta ji wani abu. Ɗakin girki bango ɗaya ne da ɗakin. Ta ce tukunya na tafasa, ba ta ji ba.

Har bakin titi ya raka Yalwa, ya tsayar mata da keke, ya taimaka mata ta hau. Ya ce ya lura duk zuwanta sai jikin Inna ya tashi, ta yi haƙuri ta bari sai da Salla. Yalwa ta faɗa masa maganganu a gaban mai keken waɗanda ba za su rubutu ba. Ya ce Allah ya huci zuciyarta.

Tun asubar kashegari Magajiya ke aiki. Ta yi shawara da kanta ta gama. Kunyar da ta riƙe tun tana yarinya mai jego, wadda uwarta ta riƙe, kakarta ta riƙe, yau za ta ajiye ta. In ta ce ru, za a ba ta ruwa. In ta ce za, za a ƙara fanka. Amma akwai kalma ɗaya da in ya ji ta daga bakinta dole ya tsaya, don bai taɓa ji ba. In ya tsaya, sauran za su biyo. Ta yi ta juya ta a baki tana lallashin harshe, Hafsat na goge mata jiki ba ta ma san ana yi ba.

Ya leƙo da hularsa da ƙamshin turarensa, makulli a hannu. Ya rage tsawo a bakin tebur.

"Inna, ina kwana?"

Ba ta dubi bango ba. Shi ta duba, ido cikin ido. Da ya ɗago da ya gani, amma yana neman inda malam ya tsaya jiya. Ta ja numfashi, ta ɗaga harshen, ya tashi. Ya danna maɓalli. Malam ya ce ina waɗanda suka gabace mu. Labule ya faɗi, ƙofa ta rufu, makulli ya juya.

"Inuwa."

Tas ta fito, ba gargada, kamar yadda liman ya faɗe ta ranar suna. Malam ya ce suna ƙarƙashin ƙasa.

A waje maƙwabciyar nan mai faɗa da mai ruwa tana shara. Ta tsaya ta gaishe shi, ta tambayi jikin Inna, ta ce tun daga nan tana jiyo wa'azin, ita ma tana ƙaruwa. Ta ce Allah ya ba shi masu yi masa kamar yadda yake yi wa uwarsa.

Inuwa ya shafa fuska ya ce amin.